A kwance LFO daga agogon kiɗa

Sautin da kwamfuta ke ƙirƙira yana da aibi guda: ba ya kuskure. In ka danna maɓalli ɗaya a manhajar sintisaiza ka riƙe shi, abin da ka ji a sakan na farko shi za ka ji a na goma. Kunnen ɗan Adam kuwa ya saba da murya da sarewa da goge, waɗanda sautinsu ba ya tsayawa wuri guda ko da na ƙiftawar ido ne. Abin da aka tanada domin magance wannan bushewar shi ne LFO. A ganina, da yawa daga masu haɗa kiɗa suna amfani da shi ta hanyar da ke mayar da bushewar da aka yi shi domin ya kawar.

Mu fara da abin da yake yi. Kunne yana jin kaɗawar da ke maimaituwa tsakanin sau 20 da sau 20,000 a sakan. LFO yana kai-komo ne ƙasa da sau 20, saboda haka ba a jin sa kai tsaye. Aikinsa shi ne ya riƙa murɗa wani maɓallin a madadinka, sama da ƙasa, babu gajiya. In aka ɗora shi a kan kaifin sauti, sai a sami rawar murya irin ta mawaƙi. In aka ɗora shi a kan ƙarfin sauti, sai sautin ya riƙa tasowa yana lafawa. In kuwa a kan filta ne, wato matatar da ke rage ƙarar sama, sai sautin ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar bakin mai magana.

A da, wannan abu tsada gare shi. Minimoog ta shekarar 1970 ba ta zo da LFO na musamman ba. Sai makaɗi ya sadaukar da ɗaya daga cikin injinan sautinta uku, ya rage masa sauri, kafin ya sami rawar murya. Wanda ya biya wannan farashi yakan yi tunani kafin ya murɗa. Yau a Serum, wadda ta fito a 2014, ko Vital ta 2020 da ake samu kyauta, kana iya zana siffar kai-komon da hannunka, ka ja ta zuwa kusan kowane maɓalli. Arha ta zo, tunanin ya ragu.

Inda aka fi ganin haka shi ne wajen ɗaure LFO da bugun kiɗa. Manhajoji da dama suna buɗewa ne da wannan ɗaurin a kunne. In waƙa tana tafiya a bugu 120 a minti, aka ce LFO ya zagaya sau ɗaya a kowane bugu, zai zagaya sau 2 a sakan, daidai inda ganga ke faɗuwa, tun daga farko har ƙarshe. Akwai inda hakan ya dace. Kiɗan dubstep da ya taso a kudancin Landan a farkon shekarun 2000, mai tafiya a wajen bugu 140 a minti, an san shi da kaurin sauti mai girgiza, kuma girgizar tana cikin lissafin bugun. A kwance ta, kiɗan ya wargaje.

Sai dai ba kowane sauti ne ganga ba. Dogayen sautukan da ke shimfiɗe a bayan murya suna bukatar motsin da kunne ba zai iya hasashensa ba. Ɗauki LFO biyu da ba a ɗaure ba: ɗaya yana zagayawa cikin sakan 7 a kan filta, ɗayan cikin sakan 11 yana karkatar da sautin tsakanin dama da hagu. Ba za su sake haɗuwa a mafarinsu ba sai bayan sakan 77. A waƙar minti uku, sau biyu kacal za su koma wurin. Mai sauraro ba zai san dalili ba, amma zai ji sautin yana numfashi.

Haka batun zurfi yake. Mai kaɗa biyolin yakan girgiza yatsa kimanin sau 5 zuwa 7 a sakan, kaifin sautin yana ɗan karkata kaɗan, kuma sau da yawa yakan bar sautin ya zauna kafin girgizar ta shigo. Manhajoji suna da maɓallin jinkiri da na shigowa a hankali domin wannan, akwai kuma ƙaramar tayar da ke gefen hagu na kibod, wadda ke ba hannu ikon ƙara zurfin ko rage shi. Wanda ya bar rawar murya ta fara da cikakken ƙarfi a kowane sauti ya zuba gishiri ne da ludayi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja. LFO da aka sake yana iya sa waƙa ta fito daban a kowace kunnawa, kuma mai aikin da ake jira ya miƙa gobe ba ya son abin da ba shi da tabbas. Amsar tana da sauƙi: a kunna sau uku ko huɗu, a naɗi wanda ya fi daɗi a matsayin sauti, a ci gaba da aiki. Haka ake yi da mawaƙi a ɗakin naɗi, babu wanda ya taɓa cewa a daina ɗaukar muryar mutum don tana sauyawa.

Akwai kuma wata riba da ɗaurin ke ɓoyewa. In ka ci gaba da ƙara sauri har ya haura sau 20 a sakan, girgizar takan ɓace, launin sautin kansa ya sauya. Ta wannan hanyar John Chowning ya gano dabarar FM a Jami'ar Stanford a 1967, dabarar da Yamaha ta gina DX7 a kanta a 1983. Wanda ke zaɓen sauri daga jerin rabin bugu da rubu'in bugu kawai ba zai taɓa isa wannan iyakar ba.

Shawarata ita ce, a waƙarka ta gaba ka bar ɗaurin ga sautukan da ke ɗauke da bugu. Sauran ka kwance su, ka rage zurfin har sai ka kusa daina jin motsin, sannan ka kashe LFO ɗin gaba ɗaya ka saurara. In sautin ya bushe nan take, to ka sami ma'aunin da ya dace.