Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi



Ni ɗalibi ne, ɗan ƙaramar hukumar Gwiwa a masarautar Kazaure, kuma ina cikin kwamitin ƙungiyar ɗalibai masu koyon tsaron intanet a makarantarmu. Aikin da aka ɗora mini shi ne shirya tarukan wayar da kai. Na rubuto maka ne don kai ke riƙe da hukumar da ta ɗauki alkawarin kai ilimin zamani ga kashi 95 cikin 100 na 'yan Najeriya nan da 2030, kuma kai ɗan Jigawa ne, ba sai an yi maka dogon bayani a kan ƙauyukanmu ba.

Ga yadda taronmu ke kasancewa. Mu nemi izinin zaure, mu yi karo-karo mu sayi man janareta da ruwan leda, mu aro majigi, mu roƙi wani malami ya yi jawabi. Da Turanci ake yin komai. Waɗanda ke cika kujerun ɗalibai ne 'yan uwanmu, da yawansu takardar shaida suka zo karɓa, kuma mafi yawan abin da ake faɗa sun riga sun sani. A tafa, a ɗauki hoto, a watse. Wanda ake cuta da gaske kuwa yana can kasuwa, bai ma san an yi taron ba.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutanenmu suka shiga harkar tiransifa ba shiri. Je ka tsaya gaban rumfar mai POS ranar kasuwa. Dattijo zai zaro katin banki daga aljihun 'yar ciki, a naɗe cikin takarda, lambobin sirrin nan huɗu a rubuce a jikin takardar, ya miƙa wa yaro duka biyun ya ce, "Ɗana, ciro mini." Wata za a kira ta a waya, a ce daga banki ne, an toshe BVN ɗinta, ta karanto lambar da aka turo mata yanzu. Ta karanta, don a tarbiyyarmu ba a musu da ma'aikaci. Wani wayarsa ce za ta faɗi a mota, bai san cewa layin da ke ciki shi ne mabuɗin asusunsa ba, sai ya bari sai an kwana biyu kafin ya je a rufe. Mai riɗi da mai wake kuma ana nuna musu alat na bogi, a ɗora buhu a tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne, maganin mafi yawan wannan bai wuce magana ta minti goma ba. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Lambobi shidan da WhatsApp ke turowa ba a ba kowa. A sa wa layin waya makulli. A duba kuɗi a cikin asusu, kada a dogara da saƙon da mai saye ya nuna. Mun san wannan, muna kuma iya faɗarsa da Hausar da iyayenmu ke ji. Hanyar isa gare su ce ba mu da ita.

Watan Oktoba ne duniya ta keɓe don wayar da kai kan tsaron intanet. A wurinmu ya zo daidai da kaka, lokacin da manomi ke sayar da amfani kuɗi na shiga waya. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a same mu a kasuwannin Gwiwa da Roni da Babura, da makarantun Islamiyya na matan aure, inda 'yan uwanmu ɗalibai mata ne kaɗai za su iya shiga su zauna a yi magana a sake. Matan nan suna adashe da sana'a ta waya, kuma in an cuce su kunya kan hana su faɗa ko da mazajensu ne.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai kai kuɗin taro ɗaya na otal a Abuja ba. Na farko, takardar amincewa daga hukumarka ga ƙungiyoyin ɗalibai irin tamu. Kada ka raina wannan. A garuruwanmu, yaron da aka ce yana koyon yadda ake kutse a kwamfuta, kallon ɗan damfara ake yi masa. Da takardarku a hannu za mu iya zuwa gaban hakimi da dagaci da limamin Juma'a, su ba mu fili, su kuma sa mai shela ya sanar. Sannan a samar mana da saƙonnin murya da gajerun bidiyo cikin Hausa, waɗanda masananku suka tantance, domin takardar da aka buga ba kowa ke karanta ta ba, amma murya kowa na ji, kuma tana yawo daga waya zuwa waya.

Akwai kuma tambayar da ake yi mana kullum: "To, an riga an kwashe, ina zan kai ƙara?" Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, an yi mata gyara a 2024, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Amma manomi a Gwiwa lambar waya yake so wadda zai kira a amsa masa da Hausa, a gaya masa abin da zai yi kafin kuɗin su yi nisa. Ku haɗa kai da bankuna da 'yan sanda a samar da ita, mu za mu yaɗa ta.

Yankinmu ba baƙo ba ne a wannan fage. Kazaure ta daɗe da cibiyar koyon fasahar kwamfuta tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗaliban suna nan. Ku turo mana ma'aikaci ɗaya daga sashenku na tsaron intanet ya horar da 'yan kwamitocinmu kafin kaka mai zuwa, sauran zirga-zirgar mu za mu yi ta a kan baburanmu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Ɗalibi daga Gwiwa,
ɗan kwamitin shirya taruka.