Halin Ma'aikacin Otal: Jinsi ko Aiki?



Karɓar baƙo gado ne a wurinmu. Tun da Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, zaurukanmu suka zama masaukin mahajjata. Da aka kammala madatsar Makwar a 1925, ma'aikatan gonakin Jazira suka ƙaru a kansu. Yau 'ya'yanmu suna wannan hidima don albashi a lokanda da otal-otal, musamman a Bur Sudan, inda jama'a suka kwarara bayan ɓarkewar yaƙi a 2023.

Sau da yawa mukan yanke hukunci da wuri, mu ce mace ce mai haƙuri, namiji ne mai dakiya. Masana halayyar ɗan Adam, waɗanda suke kasa hali gida biyar, sun gano cewa a jimlace mata sukan ɗara maza tausayi da saurin damuwa. Amma sun kuma nuna cewa tazarar ba ta da faɗi, kuma bambancin da ke tsakanin mace da mace ya fi wanda ke tsakanin jinsin biyu.

Saboda haka aikin ne ya kamata mu duba. Mai tarbar baƙi yana bukatar sakin fuska da haɗiye fushi. Mai gyaran ɗaki yana ganin kuɗin baƙo da sirrinsa, don haka jarinsa amana da kame baki. Mai girki yana bukatar tsabta da jure zafin murhu, mai gadi kuwa lura da rashin barci. Yaro mai kunya zai wahala a teburin tarba, alhali zai yi fice a ɗakin ajiya.

Mu tuna cewa a Suratul Ƙasas mace ce ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, kuma ƙarfi da amana ta duba.

Kafin mu sallami ɗa ko 'ya, mu auna halinsa, mu binciki wurin: lokacin tashi, damar salla, da ko ana sayar da giya. 'Ya mace kuwa mu tabbatar da wanda zai rako ta gida idan dare ya yi. Mutuncinta ya fi albashin wata.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su halal. Amin.