Sana'ar Haɗa Tabarau: Me Ya Hana 'Ya'yanmu Mata Shiga?

Abin da ya jawo maganar wannan watan, wata yarinya ce 'yar shekara tara a ajin da nake koyarwa. Kullum na yi rubutu a allo sai ta riƙa ƙanƙance ido tana leƙen littafin ta kusa da ita, a gida kuwa an riga an yanke mata hukuncin daƙiƙanci. Da na dawo da ita bencin gaba sai na ga karatu ya zauna, nan take na aika aka kira mahaifiyarta na ce don Allah a kai ta a duba idonta.

An kai ta asibiti an auna, an rubuta takarda, aka tafi wani shago aka haɗo mata tabarau. Kwana uku yarinya ta fara kukan ciwon kai, tabarau kuma sai zamewa yake daga hancinta, har uwar ta ce a ajiye shi, bai karɓe ta ba. Da aka koma asibiti sai aka tarar awon daidai yake, kuskuren daga mai haɗawa ne: ya ba ta firam na manya, kuma tsakiyar gilashin bai zo daidai da ƙwayar idonta ba. Ranar na gane ashe haɗa tabarau ilmi ne mai zaman kansa.

Mutum uku ne ke aikin ido, mu kuwa duk "likita" muke ce musu. Akwai likitan ido, mai ba da magani da yin tiyata irin ta cire yana. Akwai mai auna gani, wanda ke shekara 6 a jami'a, kamar Jami'ar Benin ko Jami'ar Bayero ta Kano, shi ke gwada ido ya rubuta ƙarfin gilashin da ya dace. Na ukun shi ne mai haɗa tabarau, wanda zai karɓi takardar nan ya mayar da ita abin da za a ɗora a fuska.

Me ake koya masa? Da fari karatun takardar: alamar ɗebewa ta mai wahalar hangen nesa ce, alamar tarawa ta mai wahalar ganin kusa, sannan akwai lambar kusurwa da ke kaiwa har 180 ga wanda baƙin idonsa bai yi zagaye sosai ba. Zai koyi auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu da milimita, domin kuskuren 'yan milimita a gilashi mai ƙarfi ya isa ya jawo jiri da ciwon kai. Zai koyi yanka gilashi da goge gefensa a na'ura har ya zauna cif a firam, da lanƙwasa hannuwan firam su kama bayan kunne, da haɗa gilashi mai hawa biyu na iyayenmu, sama na nesa ƙasa na karatu. Zai kuma san cewa yaro gilashin roba ake zaɓar masa, wanda ba ya saurin fashewa.

Karatun na difloma ne, shekara 2, a wasu kwalejojin kimiyya da fasaha da na kiwon lafiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Nekede a jihar Imo na cikin masu koyar da shi. Ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Bayan kammalawa sai rajista da hukumar da ke kula da masu auna gani da masu haɗa tabarau, wato ODORBN, wadda doka mai lamba 34 ta shekarar 1989 ta kafa. Iyaye, kafin ku biya ko sisi ku tabbatar wannan hukuma da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna sun amince da kwas ɗin a makarantar, kada a yi wahalar banza.

Aiki kuwa ba zai yanke ba. A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu ana iya kauce mata ko ba a magance ta ba tukuna. Ga shi duk wadda ta haura shekara 40 takan fara nesanta littafi da fuskarta, sa zare a allura ma ya zama aiki. Da yawanmu sai mu saya a faifan mai talla, alhali shi ƙarfinsa ɗaya ne a ido biyu, kuma ba zai tona ciwon da ke cin ido a ɓoye ba.

Yanzu ki duba yadda ake gwajin nan, 'yar uwa: mai haɗawa sai ya matso dab da fuska, ya taɓa hanci da bayan kunne. Mata nawa ne a unguwanninmu suka haƙura da dishi-dishi saboda kunyar wannan, ko don maigida bai yarda ba? Da mace ce a wurin, da tuni sun je. Sannan sana'a ce da ba a san ta da kwanan asibiti ba, ana iya yin ta a asibiti, in hali ya samu kuma a buɗe wuri na kai.

Don haka 'yarki da ta ci kimiyya amma ba ta samu gurbin likitanci ko aikin jinya ba, kada a ce ta zauna shi ke nan. A zauna da mahaifinta a duba wannan hanya. Ɗalibata dai an sake mata tabarau daidai fuskarta, yanzu daga bencin baya take gyara wa 'yan gaba karatu.