Wayar da ke aljihunka ta isa ta lissafa maka ruwan lambu

A lokacin noman ranin da ya wuce na je lambun kawuna a bayan garin Illela, na tarar ya tayar da injin ban ruwa ya koma gindin bishiya suna hira da maƙwabcinsa. Ruwa ya cika fangalin albasa, ya tsallake kunya, ya gangara kan hanya. Na ce, “Kawu, minti nawa kake barin injin nan yana aiki?” Ya ce, “Ɗana, ai sai ƙasa ta ƙoshi.” Da yamma kuma shi ne yake kukan tsadar fetur.

Mu matasa da muke ganin mun san waya, da mun ga irin wannan sai mu ce maganinsa a sayo wata na'ura. Ni ra'ayina daban ne. Mai ƙaramin lambu a Illela ba ya bukatar sayen komai kafin ya san ruwan da shukarsa take sha. Kalkuleta da agogon awon lokaci da suka zo da kowace waya sun isa, muddin akwai wanda zai zauna ya yi lissafin. Wannan aikin kuwa namu ne.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a fili yake. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowane minti da inji ya yi yana ƙara kuɗi ne ake ƙonawa. Ruwan kansa ma yana da iyaka. Damina a arewacin Sakkwato wata huɗu ce ko ƙasa da haka, kuma duk ɗan Illela ya ji labarin yadda Tafkin Kalmalo ya ja baya daga yadda manyanmu suka san shi. Sannan albasarmu tana gogayya a kasuwa da albasar Galmi da ke shigowa ta Birnin Konni. Wanda ya kashe kuɗi da yawa wajen noma, shi ne zai sha wuya ranar ciniki.

Lissafin ya ginu a kan ƙa'ida ɗaya: milimita 1 na ruwa a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 daidai yake da lita 1. Masana suna auna ruwan da rana da iska suke zuƙewa daga ƙasa da ganye a kullum da milimita, suna kiran adadin ET0. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da tsarin lissafinsa a 1998, kuma shafin yanayi na Open-Meteo yana bayar da adadin kyauta idan ka saka garinku. Kowace shuka tana da lambar da ake ninka shi da ita. Ta albasa 0.7 ce tana ƙarama, 1.05 lokacin da ganye ya cika tana sa ƙwaya, 0.75 dab da cira.

Mu ɗauki misali. Lambunka mita 10 ne a faɗi, mita 20 a tsawo, wato murabba'in mita 200. Ka duba waya ka ga ET0 na yau milimita 6. Albasarka tana sa ƙwaya, sai ka ninka 6 da 1.05, ka samu 6.3. Ninka shi da 200, ka samu lita 1,260 a rana. Amma ba duk ruwan da ya fito daga tiyo ne yake kai wa saiwa ba. A ban ruwa na kwarara ta fangali, kusan kashi 60 cikin 100 ne ake lissafin yana amfani, sauran ya tafi a magudana ko ya nutse can ƙasa. Raba 1,260 da 0.6, ka samu lita 2,100. Idan bayan kwana uku kake ba da ruwa, lita 6,300 ke nan.

Saura ka san ƙarfin injinka. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikinsa, domin zurfin rijiya da tsawon tiyo suna rage shi. Samo duro mai cin lita 200, ka sa bakin tiyo a ciki, ka danna agogon waya. Idan ya cika a daƙiƙa 40, injin yana ba da lita 300 a minti ɗaya. Raba 6,300 da 300, ka samu minti 21. Saita ƙararrawa, idan ta buga a kashe inji. Da muka yi irin wannan awo a lambun kawu, sai muka ga yana barin injin kusan ninki biyu na abin da lissafi ya nuna.

Asarar ba ta tsaya a fetur ba. Saiwar albasa gajera ce, yawancinta ba ta wuce santimita 30 a ƙasa. Ruwan da ya zarce nan ya wuce ta, kuma yana tafiya da takin yuriya da aka sayo da tsada. Ƙasar da ba ta shan iska tana jawo ruɓewar saiwa, albasar da aka ci gaba da shayarwa har dab da cira kuma ba ta jure ajiya. Shi ya sa ake ɗauke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire ta.

Na san abin da wani zai ce: kakanninmu sun yi noman rani da jigo da guga, ba su taɓa jin ET0 ba, kuma sun ci sun ciyar. Gaskiya ne. Sai dai mai jan ruwa da hannu ba ya ɓarna, domin kafaɗarsa ce ma'auninsa. Inji ne ya kawar da wannan ma'auni, kuma injin sola da ake ta saye yanzu zai ƙara kawar da shi, tunda mutum zai ga kamar ruwan kyauta ne. Rana kyauta ce, amma rijiyar da kake zuƙa ita ce maƙwabcinka yake zuƙa.

Wani kuma zai ce adadin da waya take bayarwa ba a Illela aka auna shi ba. Wannan ma gaskiya ne. Kwamfuta ce take ƙiyasta shi daga bayanan tauraron ɗan Adam da tashoshin yanayi masu nisa, ba ta san lambunka jigawa ne ko laka ba. Ƙasar jigawa tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, laka tana riƙe shi kwanaki. A nan ne ilimin kawu ya fi nawa. Washegarin ban ruwa yakan tona da hannu kamar tsawon taƙi, ya dunƙule ƙasar. Idan ta dunƙulu ba ta ɗiga ba, daidai ne. Idan ta warwatse, a ƙara. Idan ta manne a tafin hannu kamar kwaɓin gini, a rage. Lissafin waya yana ba ka wurin farawa, hannu kuma yana gyara shi mako bayan mako.

Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar gaggawar sayen ƙananan na'urorin auna danshi masu tsinken ƙarfe da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Masu arahar cikinsu wutar lantarkin da ke ratsa ƙasa suke aunawa, don haka gishirin taki yana iya ruɗa su su nuna danshi a inda babu. Kuma wuri ɗaya tak suke karantawa a cikin lambu guda. Haka nan wajen auna fili, igiya ko tef sun fi GPS na waya, domin yana iya kuskuren mitoci da dama, wanda babban abu ne a fili mai mita 10.

Abu ɗaya na ƙarshe: adadin yana canzawa. Abin da ya ishi shuka a sanyin Disamba ba zai ishe ta ba a Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura maki 40. Ka sake duba ET0 duk mako, ka ɗauki hoton allon tun kana gida, tunda a bakin iyaka layi yakan tsallake ya kama sabis ɗin Nijar. Ka buɗe shafi a manhajar rubutu, ka riƙa ajiye kwanan wata, mintunan inji da litar fetur. Idan an cire albasa, ka kai wa mai lambun ya kwatanta da na bara.

Kawu bai bar duba ƙasa da hannunsa ba, kuma ban so ya bari ba. Amma yanzu idan zai tayar da inji, yakan sa a kira ni a waya ya ce, “Ɗana, yau minti nawa ne?”