Filin Wasa Ba Fulotin Sayarwa Ba Ne

'Yan uwa malamai, masu yanka filayen makarantunmu suna jera shaguna hujjarsu ɗaya ce: wai fili ne da ke zaman banza. Wannan magana ba ta da tushe, domin a filin nan ake gina ƙashin yaro.

Tun 1892 likitan nan na Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana yin ƙwari ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Shi ya sa 'yan sama jannati, da yake babu nauyi a kansu, ƙashin ƙugunsu ke raguwa da kimanin 1 cikin 100 duk wata. Langa da tsalle da guje-guje su ke sa ƙashin yaro ya yi kauri, kuma mafi yawan abin da zai tara, kafin shekara 20 yake tara shi. Wanda aka hana wa wannan yana ƙarami, shi ne tsohon da santsi ɗaya zai kwantar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wajibi ne reshenmu ya haɗa kai da iyaye a katange filayen da suka rage, a kuma daina cinye lokacin motsa jiki da sunan bitar jarrabawa.