Kama da Wane Ba Ta Wane: Rabe-raben Ƙwari Masu Tsalle da Abin da Ya Shafi Gona

Har yanzu akwai littattafan koyar da aikin gona da ke jera wani rukunin ƙwari mai suna Homoptera, ɗalibai su haddace shi, su rubuta a jarrabawa, su ci maki. Masana rabe-raben ƙwari kuwa sun fara watsar da wannan rukuni kimanin shekara talatin ke nan. Wasu malamai na ganin babu abin damuwa a nan, tunda ƙwaron da ke ɓarna a gona bai san sunan da aka raɗa masa ba, kuma sauya sunan ba zai hana shi ɓarnar ba. Ra'ayina ya saɓa da nasu. Rabe-raben halittu da'awa ce a kan zumunci, wato wane ne ɗan'uwan wane, kuma wanda ya kuskure zumuncin ƙwaro yakan kuskure maganinsa.

Ƙwarin da ake magana a kansu ba su da muƙamuƙin tauna irin na fara. Bakinsu tsinke ne mai rami, da shi suke huda tsiro su tsotse ruwansa. A shekarar 1758 Carl Linnaeus na Suwidin ya sanya su cikin babban rukunin Hemiptera, wanda a yau ya haɗa da kuɗin cizo da ƙwarin darɓa da farin ƙudan da ke addabar rogo da tumatir. A 1810 wani Bafaranshe, Latreille, ya raba rukunin gida biyu bisa siffar fiffike. Waɗanda fiffikensu na gaba rabinsa tauri rabinsa laushi ya kira su Heteroptera, waɗanda nasu bai ɗaya ne kuma Homoptera. A cikin gida na biyu ne aka zuba ƙwarin darɓa tare da waɗanda zan kira 'yan tsalle, saboda yadda suke ɓacewa da tsalle ɗaya idan an taɓa ganyen da suke kai. 'Yan tsallen nan reshe biyu ne. Akwai Fulgoromorpha, mai nau'i sama da 12,000 a cikin dangi kimanin ashirin, waɗanda ake gane su da gashin jin motsi da ke fitowa a ƙarƙashin ido mai kumburarren gindi. Akwai kuma Cicadomorpha, inda ake samun masu jerin ƙayoyi a ƙafar baya, da masu ɓuya cikin kumfa a jikin kara, da manyan nan masu kuka a kan itatuwa lokacin zafi.

Rabon da Latreille ya yi ya daɗe ƙwarai, domin ido ya yarda da shi. Abin da ya rusa shi tunani ne da Bajamushe Willi Hennig ya shimfiɗa a littafinsa na 1950: kamanni ba ya tabbatar da zumunci sai idan sabon abu ne da 'yan gida suka gada daga kaka ɗaya. Fiffike bai ɗaya tsohuwar siffa ce da kakannin dukkan Hemiptera suke da ita. Haɗa masu ita a gida ɗaya tamkar a tara duk mutanen gari da ba su yi ƙaura ba ne a ce zuri'a ɗaya ce. Da aka fara kwatanta sinadarin gado na DNA a tsakiyar shekarun 1990, sai ta bayyana cewa reshen ƙwarin darɓa ne ya fara rabuwa da saura. Ma'ana, ɗan tsallen da ke kan ganyen masara ya fi kusa da kuɗin cizon da ke cikin katifa fiye da ƙwaron darɓan da ke tsotso a gefensa. An kuma yi jayayya mai tsawo a kan ko rassan 'yan tsallen biyu kakansu ɗaya ne, har binciken Cryan da Urban na 2012 ya ƙarfafa cewa haka ne. Masu ƙorafin cewa masana kullum cikin sauya magana suke, suna da abin kafa hujja a nan. Sai dai kowane sauyi ya zo ne da shaidar da ba a da ita a baya.

Tarihin waɗannan ƙwari ya girmi furanni. An samu ɓurɓushinsu a duwatsun zamanin Permian, sama da shekara miliyan 250 da suka wuce. Shaida mafi ban sha'awa a ganina tana cikin jikinsu ne. Ruwan tsiro abinci ne marar gina jiki, don haka 'yan tsalle suna ɗauke da wata bakteriya mai suna Sulcia wadda ke ƙera musu sinadaran da suka rasa, uwa kuma tana miƙa ta ga 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Ana samun Sulcia a rassan biyu, kuma tarihin rabuwarta ya bi sawun tarihin rabuwar ƙwarin da ke ɗauke da ita. Da yawa daga dangin Delphacidae, wanda shi ne ya fi yi wa hatsi ɓarna, sun rabu da ita sun ɗauki wani nau'in yis a madadinta. Wani abin mamakin shi ne wanda Malcolm Burrows da Gregory Sutton suka bayyana a 2013: 'ya'yan ƙwaron Issus suna da haƙora masu shiga juna a gindin ƙafafun baya, kamar giyar inji, domin ƙafafun biyu su tashi tare. Idan ƙwaron ya balaga haƙoran sai su ɓace.

Suna ma yakan ɗauki kuskure ya yi ta yawo da shi. Maria Sibylla Merian ta rubuta a littafinta na 1705 kan ƙwarin Surinam cewa kan wani babban ɗan tsalle yana haske da dare, Linnaeus kuma ya raɗa masa suna laternaria, wato mai fitila. Ƙwaron ba ya haske, amma har gobe sunan yana nan.

To ina ruwan manomi da duk wannan? Amsar farko tana Asiya. Nilaparvata lugens, ɗan dangin Delphacidae, ƙaramin ƙwaro ne mai ruwan ƙasa da ke tsotse shinkafa har gona ta bushe kamar an babbaka ta. Ya zama annoba a shekarun 1970 bayan yaɗuwar sababbin iri da takin zamani da feshi barkatai, domin feshin yana kashe gizo-gizo da sauran maƙiyansa, ƙwansa kuma yana ɓoye a cikin jikin tsiro. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta fitar da iri mai jure masa, IR26, a 1973, cikin 'yan shekaru ƙwaron ya shawo kansa. A 1986 gwamnatin Indonesiya ta haramta magungunan feshi 57 a gonakin shinkafa. A tsakiyar wannan fafutika Michael Claridge da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwarin da ke kan shinkafa da waɗanda ke kan ciyawar Leersia a bakin gona, duk da ido ba ya bambanta su, kiran neman aurensu daban ne. 'Yan tsalle suna kiran juna ne ta girgiza jikin tsiron da suke kai, kunnen mutum ba ya ji. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ciyawar ce matattarar annoba, ya ɓata kuɗi da magani a kanta.

Amsa ta biyu tamu ce. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotso, daga reshen ƙwarin darɓa, ya ɓulla a gonakin rogo na yankin Kongo ya bazu a nahiyar. Sai a 1977 Danièle Matile-Ferrero ta siffanta shi ta ba shi suna Phenacoccus manihoti. Masu neman maƙiyinsa a Amurka ta Kudu sun fara da wani ƙwaro mai kama da shi, kuma maƙiyan da suka samo daga jikin wancan suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka, domin nau'i biyu ne daban. Da aka gano na ainihin a Faraguwai aka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a jikinsa, cibiyar IITA ta Ibadan ta sake shi a 1981, annobar ta lafa a ƙasashe da dama ba tare da feshi ba. Hans Herren ya karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995 saboda wannan aiki, amma da ba a raba nau'o'in biyu ba da aikin bai tashi ba.

Gonakin hatsi ma haka abin yake. Cutar da ke zana ratsin rawaya a ganyen masara 'yan tsalle ne na zuri'ar Cicadulina ke yaɗa ta, kamar yadda H. H. Storey ya nuna tun shekarun 1920. Tsawonsu bai wuce milimita uku ko huɗu ba, nau'insu kimanin ashirin, ba duka ke ɗaukar cutar ba, kuma akan bambanta su ne ta duba al'aurar namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Peregrinus maidis, daga ɗaya reshen, wasu cututtukan masara yake ɗauka daban. Cutar da ta durƙusar da gyaɗa a arewacin Nijeriya a 1975 kuwa ƙwaron darɓa ne ya yaɗa ta. Kumfar da manomi ke gani a jikin dawa, ta Poophilus costalis ce ko Locris rubens. Ɗalibin da aka koya wa cewa duk waɗannan Homoptera ne zai fita da shawara ɗaya tak ga manomi, wato feshi.

Za a iya cewa na'urar karanta DNA ta sauƙaƙa komai, ba sai an horar da mai zama da madubi shekara da shekaru ba. Na'urar tana kwatanta abin da aka ba ta ne da samfurin da wani masani ya riga ya tantance ya ajiye. Inda babu samfurin, sai ta ba da sunan mafi kusa, wanda sau da yawa na wata nahiya ne. Jerin ƙwarin Nijeriya da J. T. Medler ya wallafa ya fito ne tun 1980, tarin ƙwarin da ke Samaru a Zariya kuma yana buƙatar magada da za su iya karanta shi su ƙara masa. A halin yanzu noman shinkafa na rani yana faɗaɗa a Kebbi da Kano da Jigawa, da taki da feshi da shuka a kan shuka, kusan irin yanayin da ya raini annobar Asiya. Afirka ta Yamma tana da nata Nilaparvata, mai suna maeander. Ya kamata sassan kimiyyar noma da na nazarin halittu su cire Homoptera daga manhaja, su ware gurbin digiri na biyu da na uku ga masu tattara 'yan tsallen fadamun nan da tantance su, kafin ranar da gona za ta bushe a rasa wanda zai faɗi ko wane nau'i ne ya tsotse ta.