Zomon Keji Ba Zai Maye Gurbin Na Daji Ba

Yaro a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a Kano, idan ka ce masa zomo, farin nan mai jan ido da ake kiwo a keji zai kawo a ransa. Asalin wancan daga Turai yake. Namu na daji, mai dogon kunne da gudun tsiya, sai dai ya ji shi a tatsuniya, domin gonakin da yake ɓuya sun zama filotai, ƙona daji da farauta da karnuka kuma sun kora saura.

Ƙasar Meziko na da dabbobi biyu da ya kamata mu yi wa kanmu wa'azi da su. Akwai zomon dajin Tehuantepec a jihar Oaxaca, wanda aka ƙiyasta bai kai 1,000 ba, saboda noma da kiwo da wuta sun cinye masa ciyawa. Akwai kuma axolotl, ɗan uwan kwaɗo mai jela, wanda ko an yanke masa ƙafa wata ke tsirowa. A magudanan Xochimilco, inda yake rayuwa, a 1998 an ƙirga kimanin 6,000 a kowane murabba'in kilomita, a 2014 saura 36. Ƙazantar birni da baƙin kifaye irin su karfasa ne suka yi masa illa.

Inda baki ya karkata, nan yawu kan zuba. Axolotl ya yi farin jini, hotonsa na kan takardar peso 50, yana cike da ɗakunan bincike da gidajen masu kiwo a duniya. Zomon kuwa ba mai yayinsa. Amma makomarsu ɗaya ce, domin duka biyun gida suka rasa, kuma yawa a cikin kwalba bai ceci axolotl a ruwansa ba.

Shi ya sa ba na yarda idan aka ce ai muna da Gidan Zoo. Wurin nishaɗi da karatu ne, ba ya haifar da daji. Kududdufan Kano da ake cikewa ana gini a kai, su ne gidan kwaɗi, su ne kuma ke shanye ruwan da yanzu ke shigo mana ɗaki duk damina.

Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Ya kamata Gwamnatin Kano ta hana cike sauran kududdufai, ta tsare Dajin Falgore da gaske, masu unguwanni da sarakunan farauta kuma su tsawatar kan cinna wa daji wuta don kama zomo ɗaya.